Ɗakin da Auta Ya Gyara Mini a Bakin Teku

Mun tashi da asuba daga Bungudu, ni da ƙanena da zai raka ni. Waɗanda suka fito sallama a ƙofar gida ran nan su ne Kande matar marigayi Malam Iro, da Hajiya Balki mai ƙuli-ƙuli, da ɗiyata Saude wadda ta zo ta kwana saboda tafiyar, da Maman Joy 'yar Filato mai shagon kayan miya, sai ladanin masallacinmu da ya tsaya daga nesa ya yi addu'a ya wuce. Na lura da fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ba wadda ta yi mini kallon sai kin dawo, duk kallon ban kwana suka yi mini. Maman Joy har da hawaye. Na ce ta adana abinta, da raina zan shiga mota.

Ni ban yi boko ba. Faɗi nake ana rubutawa, na kuma ce kada a gyara mini magana.

Autana yana aiki a Lome, ƙasar Togo, a wani kamfani mai sauke kaya daga jiragen ruwa. Bara ya sayi gida a bakin teku, tsoho, yana ta gyara. Ya ware ɗaki guda ya ce nawa ne, in zo in zaɓi labule da shimfiɗa. Na haife shi, na san ba don labule zai biya kuɗin jirgin mutum biyu ba. So yake in tare can gaba ɗaya. Halin da ƙasarmu take ciki ba sai na faɗa wa kowa ba. Gonarmu ta wajen Kekun Waje damina biyu ke nan ba a sa mata fartanya ba. Na ce masa zan zo in gani da idona. In wurin ya zaunu in zauna, in bai zaunu ba in dawo, kuma kada ya ce na yi masa alkawari.

A tashar Gusau muka yi zaman jira har rana ta ɗaga. Direbobi ba sa kama hanyar Tsafe sai sun ga motar farko ta iso daga can, sun tambayi mai ita labari. Na sayi koko da ƙosai. Ƙosan ya koma kamar 'ya'yan kanya, kuɗinsa kuwa ya yi ƙiba. Da na yi magana mai suyar ta ce in je in tambayi mai wake. Gaskiya ta faɗa.

Daga Gusau zuwa Tsafe ba wanda ya yi hira a motar. Ƙanena mai surutu ne tun yana yaro, amma carbi kawai yake ja. Ni ina kallon gonakin bakin titi. Inda na san dawa da gero suna rufe mutum, yanzu wake ne da gyaɗa, abin da ba ya tsawo balle wani ya ɓuya a ciki. Shinge bayan shinge, direba yana rage gudu yana gaisuwa. Mun wuce Tsafe, mun wuce wajen Kucheri, sai da muka doshi Funtuwa sannan wani ya yi tari, wata ta buɗe ƙullin gyaɗa, aka fara gardamar farashin taki kamar ba su ne suka yi tsit ɗazu ba.

Mun kwana Abuja gidan wani ɗan uwa, washegari sai filin jirgi. Can aka raba ni da kwalbar man shanuna, wai ba a shiga da shi a jakar hannu. Na ce wa yarinyar da ta karɓe ta kai gida ta yi miya, kada ta zubar, alhaki ne. Kuka da kuɓewa da daddawa sun wuce, har da ƙaramin turmina da ƙanena ya yi ta mita a kansa tun daga Bungudu. Jirgi kuwa ba abin da zan ce a kai. An ɗaure ni da ɗamara, an ba ni abincin da bai isa kyanwa ba, kunnena ya toshe, kafin in gama salati aka ce mun iso.

Abin da ya fara tarbata a Lome zafi ne mai laima. Namu zafin yana ƙona ka ya bar ka a bushe, nasu kuwa zufa ce da ba ta tafiya. Babura sun fi na Gusau yawa. Matan garin sun burge ni: ƙarfafa ne, kowacce da tire a ka, ba mai tsayawa kallon wani. Naira kuwa in ka canza ta zuwa sefa sai ka nemi inda ta shiga. Ƙanena ya sayi ayaba ya tsaya yana lissafi da yatsu, na ce ya ci abarsa ya daina wahalar da kansa.

Auta ya tarbe mu da matarsa Nafisa da ƙaramar ɗiyarsu. Ya rame. Muna tafe sai ga teku a gefen titi, bayan itatuwan kwakwa. Ruwa ne da ba shi da ɗaya gefen, yana zuwa yana komawa yana ruri, ba dare ba rana. Ƙanena ya ce a tsaya ya taɓa. Ni daga mota na kalle shi, na ga ba abin wasa ba ne.

Da aka ce mun iso gida na duba ban ga gida ba. Bene ne dogo fari, tagogi a jere kamar akurkin tantabaru. Ba zaure, ba tsakar gida. Aka sa mu cikin wani akwatin ƙarfe mai hawa da mutane, lif suke ce masa, ya ɗaga mu zuwa hawa na biyar. Da na huta na kira Auta.

"Ƙasar da ke ƙarƙashin wanga gini ta wa ce?"

"Tamu ce mu duka, Inna, masu ɗakunan."

"Rufin fa?"

"Shi ma na kowa ne."

"To kai mi ka saya?"

Ƙanena ya ce iska ya saya aka kewaye mishi da bango. Suka yi dariya har da Auta. Ni ban yi ba, tambaya na yi.

Gyaran bai ƙare ba lokacin da muka je. Su uku suna cunkushe a ɗaki ɗaya, falo cike da buhunan siminti da kwalayen tayil, ma'aikata suna shiga suna fita suna Faransanci da yarensu. Ba na jin ko kalma, amma ha'inci ba ya bukatar tafinta. Na sa kujera a bakin ƙofa na zauna. Wanda ke cuɗa siminti ya fara ƙara yashi, na buga sandata a ƙasa sau ɗaya, ya kalle ni, ya rage. Daga ranar suka sa mini wani suna da Nafisa ta ƙi fassara mini.

Auta ya yi kuskure irin namu na mutanen tudu. Da ya sayi wurin, abin da ya fara yi shi ne kiran mai walda ya sa wa kowace taga ƙarfe mai kauri, da ƙofar ƙarfe irin ta gidajen Gusau, don a wurinmu ƙarfe shi ne kwanciyar hankali. Ashe iskar teku gishiri ce. Kafin damina ta fita ƙarafan sun yi ja, tsatsa tana zuba a farin bango kamar jini. Masu kula da ginin suka ce ya ɓata musu fuskar bene, ya cire. Ya biya an sa, ya biya an cire, ya biya an sake fenti. Yanzu komai alminiyon ne da katako da roba. Ni ma iskar ba ta bar ni ba. Allurata ta yi tsatsa cikin gwangwani, gishiri ya jiƙe a kwano, kukata ta dunƙule kamar an yi mata yayyafi.

Gidan da dokokinsa. Ba a shanya a baranda. Ba a hura gawayi. Ran da na fara daka daddawa, ban kai ko'ina ba mai gadi ya hau ya ce matar da ke ƙasa da mu ta ce rufinta zai faɗo. Sai da Nafisa ta sauko da ni da turmina wajen ajiye motoci, na zauna kan yashi ina daka, Turawa biyu suna ɗaukata hoto. Wai kuma duk wata sai an biya kuɗin shara da gadi da lif. Gidan da ka saya, kana biyan haya a cikinsa, kuma ba ka da ikon daka.

Amma in na tsaya nan na zalunci yaron. Ɗakin da ya ware mini, ya yi shi da tunani. Ya sa an fasa banɗakin an juya shi don kada mutum ya fuskanci alƙibla. Ya sa famfo ƙasa-ƙasa da wurin zama don alwala, da abin riƙewa a bango saboda gwiwata. Fentin shuɗi ne mai haske, irin na ɗakina na gidan ubansu, wanda ya rushe tun yana firamare. Ban san ya riƙe wannan ba. Nafisa kuma ta yi ta yawo da ni kasuwa, shago bayan shago, ina cewa wannan labulen ya yi sharara, wancan ya yi ado kamar na amarya, ba ta taɓa ɗaure fuska ba. Ɗiyar kirki ce, a rubuta.

A rubuta wannan ma: na yi barci a garin nan. Na daɗe rabona da in kwanta ban kasa kunne ina rarrabe ƙarar babur ba, na gari ne ko na daji. Can ruri ɗaya ne, na teku, kuma ba ya zuwa ɗaukar kowa daga kan gado. Jikata ta saba da ni, tana kawo mini takalmi ɗaya ta ɓoye ɗaya. Zuciyata ta fara cewa, tsohuwa, mi kika bari a Bungudu in ban da tsoro? Saura kaɗan in ce wa Auta ya aika a kwaso sauran kayana.

Da aka gama tayil da fenti na ce a yi abin da ake yi in an shiga sabon gida. Muka yi waina da miyar taushe, na zuba a kwanoni, muka bi ƙofofi ni da Nafisa. Muka buga, muka buga. Ƙofa biyu aka buɗe a duk benen. Ɗaya ta karɓa ta tambayi nawa ne. Sauran wainar mai gadi ya ci da abokansa. Shi mutumin Nijar ne, dattijo, yana jin Hausa sarai. Ya ce masu yawancin ɗakunan suna ƙasashen waje, baƙi 'yan hutu ake zubawa, wannan mako wasu, mako mai zuwa wasu.

Sai ranar da aka kawo katifata.

Auta ya saya mini irin mai taurin nan ta masu ciwon baya, ta mutum ɗaya, ba ta lanƙwasuwa. Ina ƙasa wajen turmi motar ta iso. An naɗe ta da farin yadi an ɗaɗɗaure da igiya, kai da tsakiya da ƙafa. Maza biyu suka ɗauko ta a kafaɗa, ɗaya gaba ɗaya baya. Na ajiye taɓarya.

Suka nufi lif, ta ƙi shiga a kwance. Suka juya suka nufi matakala, a kwanar farko ta cije, gaba bango baya bango. Suka dawo da ita. Sai ɗaya ya ce wani abu, suka yi dariya, suka miƙar da ita tsaye suka tura cikin lif, kanta yana gugar rufi. Ɗaya ya jingina da ita yana danna waya. Ƙofa ta rufe.

Shekaru da yawa ni ke wanke matan unguwarmu in sun rasu. Na san tsawon mutum in an miƙe shi, na san faɗin makara, na san inda ake rage murya a ce a yi a hankali, ga dokin ƙofa. A wurinmu ko magini mashayi ne ba ya yanka ƙofar da makara ba za ta fita ba. Ba a faɗi, amma kowa ya sani.

Na je wurin mai gadi.

"Malam, an taɓa mutuwa a wanga bene?"

Ya ce, "Hajiya, ai a naku ɗakin ma. Wani tsohon Bature ne, 'ya'yansa ne suka sayar wa ɗanki."

Wannan bai dame ni ba. Wane gida ne ba a mutu a cikinsa ba? Na ce, "Ta ina aka hitar da shi?"

Ya nuna lif da haɓa. Ya ce sai da aka kwana biyu kafin a sani, shi ne ma ya lura ba a sauko karɓar burodi ba. Ma'aikata suka zo da jaka mai zif, suka tsayar da shi kamar yadda na ga an yi wa katifa. Na ce wa ya bi shi? Ya ce shi dai ya raka su bakin titi, don ba zai iya barin ƙofa ba.

Ban hau lif ba ranar. Na bi matakala da ƙafata, ina hutawa a kowace kwana, ina aunawa da sandata. Ba inda makara za ta juya.

Da la'asar na sami Auta a baranda na faɗa masa. Da farko ya ɗauka wasa ne.

"Haba Inna! Ana maganar zama kina maganar hita?"

"Wanda ya kai shekaruna, in ya shiga ɗaki ƙofa yake fara dubawa."

Ya ce akwai Hausawa a unguwar Zango, da masallatai da maƙabarta. Washegari ya kai ni. Gaskiya ne, mutanen kirki, sun ba mu fura, Hausarsu ta ɗan karkace amma ana ganewa. Wata dattijuwa ta riƙe hannuna ta ce in an kira su za su zo, ko ina ne. Na gode mata. Tafiyar mota ce mai nisa cikin cunkoso, kuma ba ta san sunan uwata ba, ban san nata ba.

A hanyar dawowa ya tsayar da mota a gefen titi. Bai kalle ni ba.

"Inna, ke kina lissahin yadda za a hitar da ke. Ni kullum wayata ta yi ƙara da lambar gida sai gabana ya faɗi, in ce an tahi da ke daji. Can ɗin ma ai ba kowa ke samun makarar ba."

Na san waɗanda ba su samu ba, da sunayensu. Na ce masa, "Gaskiya ka faɗa. Amma can ko ba a samu gawata ba, za a taru a ƙofar gida a zauna. Nan kai kaɗai za ka tsaya cikin akwatin nan kana riƙe da ni kada in faɗi. Ban haife ka don wannan ba."

Ya kifa kansa a sitiyari. Na bar shi ya gama. Ƙanena daga baya ya ce na cika taurin kai, shi da za a ba shi ɗakin da ya zauna har da rawa. Na ce ya nema, ga mai gidan nan.

Na ƙara kwanaki don in ga an rataya labule an jera kujeru. Na kwanta a katifar, tana da daɗi, bayana ya saki. Ranar tafiya Auta ya kai mu filin jirgi, magana ba ta fi a ƙirga ba. Ya ce ɗakin zai zauna a rufe, nawa ne. Na ce kada ya rufe, ɗakin da ba a shiga a garin nan fumfuna ke cinye shi, ya sa yarinyar a ciki in ta tasa. Ya durƙusa, na sa masa albarka. Bai ce sai yaushe ba.

Dawowa hanya ɗaya ce da zuwa, sai dai gajiya ta ninku. Abuja, Kaduna, Zariya, Funtuwa. Daga nan motar ta sake yin tsit. A Tsafe na ga mata a bakin titi da ƙullin kaya da yara, ban san daga wane ƙauye suka taso ba. Na tuna barcin da na baro. Ba zan ce ban tuna ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. In ɗanku zai sayi gida a bakin teku, ku ce ya bar ƙarfe, ya tambayi dokar ginin kafin ya biya, ya ga ko da maƙwabtan da ke kwana a ciki. In kuma tsohuwa zai kai, ya auna matakala. Na koyi cewa ɗa yana iya yi maka komai daidai, kai kuma ka kasa karɓa, ba laifinsa ba. Ko na yi daidai ko ban yi ba, Allah ne masani. Ba na ce kowa ya yi koyi da ni ba.

Mun shiga Bungudu gab da magariba. Na sa aka kira Auta a ce mun sauka lafiya. Nafisa ce ta ɗauka, ta ce yana nan, ya ji, ya gode Allah. Bai karɓi wayar ba.

Da gari ya waye na tambayi su wa aka rasa bayan tafiyata. Aka lissafa mini gida uku. Na yafa mayafi na ɗauki sandata, ƙafafuna a kumbure, na fara da na nesa. A gida na ƙarshe, na uwar wani mahauci, mata sun cika tsakar gida ana shirin abincin sadaka. Na yi gaisuwa na nemi gefen tabarma. Ba wadda ta tambaye ni labarin teku. Wata ta matsa mini, wata ta miƙo mini faifan shinkafa ba tare da ta dube ni ba, na sa hannu na fara tsince tsakuwa.